Filin Tambayoyin Masu Karatu: Riƙon Yaro Mai Ciwon Zuciya Daga Wata Ƙasa

Tambaya ta farko

Assalamu alaikum, Malama. Ni 'yar Nijeriya ce mazauniyar Amurka, shekarata 14 a nan, kuma ni da maigidana mun zama 'yan ƙasa ba tare da mun ajiye fasfonmu na gida ba. Shekararmu 11 da aure, Allah bai ba mu haihuwa ba. Da na je gida hutun babbar salla, na kai ziyara wani gidan marayu a jiharmu, inda na ga wata yarinya 'yar wata 14 da aka tsinta tun tana jaririya, ba a san iyayenta ba. Wanda ya gan ta zai ɗauka 'yar wata shida ce. Na karɓe ta na ba ta madara da hannuna, ba ta yi zuƙa biyar ba ta saki kwalbar tana haki, gumi ya jiƙe mata goshi da ƙeya ko da yake ga fanka a kanmu, haƙarƙarinta yana lotsawa duk lokacin da ta ja numfashi. Abin da aka rubuta a katinta na asibiti shi ne tana da huji a zuciya, ba wani bayani bayan wannan. Tun da na dawo ban sami natsuwa ba, kuma maigidana ya amince mu ɗauko ta a yi mata aiki a nan, ta zama tamu. Yayan maigidana ya ce abin da muke shirin yi haramun ne. Wani mutum kuma ya ce in muka biya shi, zai samo mana takardar haihuwa da ke nuna ni na haife ta, cikin wata uku ta iso. Shin addini ya yarda? Wace hanya doka ta tanada? Mu bi ta hannun mutumin nan? Kuma yarinyar za ta iya jira har a gama takardu?

Wata 'yar'uwa daga Amurka

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya saka miki da alheri bisa wannan niyya, ya kuma ba yarinyar lafiya. Zan fara da tambayar da kika sa a ƙarshe, domin ita ce ba ta jira. Kin haɗa abu biyu a ƙulli guda, wato gyaran zuciyar yarinyar da kuma kawo ta gidanki, alhali na farko da watanni ake lissafa shi, na biyu kuwa yakan ci shekaru, kuma idan kika ɗaure na farkon a jikin na biyu, takardu suna iya kammaluwa bayan lokacin da aikin zai yi amfani ya riga ya wuce.

Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa, da bango a tsakiya wanda ya raba ɓangaren dama, mai tura jini zuwa huhu ya ɗebo iska, da ɓangaren hagu, mai tura jinin da ya ɗebo iskar zuwa sauran jiki. Kimanin jariri 1 cikin 100 ake haifa da wata tangarɗa a wannan gini, kuma wadda aka fi gani ita ce huji a bangon da ke tsakanin ɗakunan ƙasa. Sai dai maganar "huji a zuciya" da mutane ke yi bargo ce da ake lulluɓe cututtuka iri-iri da ita, tun daga ɗan ƙaramin hujin da ke toshewa da kansa yaro yana girma, har zuwa zuciyar da ɗaki ɗaya ne kawai yake aiki a ƙasanta, wadda ake yi wa tiyata hawa uku kuma duk da haka ba ta zama kamar ta kowa ba. Ba zan iya faɗa miki daga wasiƙa wace ce ta yarinyar nan ba, amma abin da kika gani da idonki ya yi kama da na babban huji. Ɓangaren hagu ya fi ƙarfi, saboda haka yakan tunkuɗa jini ta cikin hujin ya koma huhu, huhu ya cika fiye da ƙima, numfashi ya yi sauri. Tsotso shi ne noman jariri, shi ya sa gumin yake karyo mata a lokacinsa, kuma ɗan abin da ta sha ɗin ma numfashi ne yake cinye shi, bai kai ga ƙara mata nama ba.

Haɗarin yana cikin jijiyoyin huhu. Idan suka daɗe suna ɗaukar wannan matsi, sai su yi kauri su ƙanƙance, shi ya sa likitoci suka fi son a toshe babban huji cikin shekarar farko ta rayuwa, domin daga wajen shekara biyu lalacewar tana iya zama wadda ba ta komawa. Abin da ke yaudarar masu reno shi ne, a daidai lokacin da jijiyoyin suke lalacewa yaro yakan yi kamar ya samu sauƙi: hakin ya ragu, ya fara cin abinci, a ce ai hujin ya toshe. Daga baya jinin ya juya hanya, leɓe da farce su fara yin duhu, yanayin da likitoci ke kira da sunan Eisenmenger, kuma idan an kai nan toshe hujin cutarwa yake yi. Don haka in aka bugo miki waya aka ce ta fara warwarewa da kanta, kada wannan ya sa ki sassauta.

A cikin wannan watan, kada a kai na gaba, a kai ta wurin likitan zuciyar yara a yi mata hoton zuciya, wanda ake kira eko. Manyan asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, suna yin sa. Ki nemi a ba ki hotunan kansu a faifai ko a turo miki su, ba takardar sakamako kaɗai ba, tare da nauyinta na watannin baya da awon iskar jininta, wanda ake yi da ɗan abin da ake maƙalawa a yatsa. Ki kai wa likitan zuciyar yara a garin da kike. Asibitocin yara da dama a Amurka suna da sashen da aikinsa ke nan, duba takardun lafiyar yaran da za a ɗauko daga waje. Ki tambaye shi sunan ciwon, da ko matsin huhu ya hau, da ko aiki ɗaya zai wadatar, da kuma wata nawa za a iya jira. A haɗa da gwajin sikila, domin yana canza yadda ake shirya tiyatar zuciya, da na ƙanjamau, da ciwon hanta, da tarin fuka. A kuma duba ko ciwon zuciyar ɓangare ne na wata lalura mafi faɗi, tun da kusan rabin yaran da ake haifa da lalurar Down, mai jinkirta girman jiki da na ƙwaƙwalwa, suna zuwa da ciwon zuciya. Wannan sanin zai sa ki karɓe ta ido buɗe.

Idan likitoci suka ce aikin na gaggawa ne, a yi shi inda ya fi kusa, ko a Nijeriya ko a Indiya ko a Masar, tun tana hannun hukuma. Ma'aikatar mata da walwalar jama'a ta jiha ita ce waliyyiyarta a yanzu, ita za ta sa hannu, ke kuma ki ɗauki nauyi. Ki biya asibiti kai tsaye, ki adana kowane rasit, kada kuɗi ya bi ta aljihun wani, domin jami'in biza yana da ikon ƙin amincewa da buƙatarki idan ya ga alamar an ba da kuɗi don a saki yarinya.

Shi kuwa mutumin nan mai takardar haihuwa, ki rufe ƙofarsa tun yau. Ofishin jakadanci yakan nemi gwajin DNA idan ya yi shakkar dangantaka, kuma matar da ta shekara 14 a Amurka, wadda fasfonta ke nuna ranar shigarta da fitarta, ba ta da katin awon ciki ko ɗaya, ita ce farkon wadda za a yi shakka a kanta. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Idan asiri ya tonu, kina iya fuskantar tuhuma a ƙasashen biyu, a Amurka ta zamba a harkar shige da fice, a gida kuma ta safarar yara, yarinyar kuma ta koma inda ta fito da tabo a fayil ɗinta. Irin wannan aika-aika, da gidajen da ake tara 'yan mata suna haihuwa ana sayar da jarirai, su suka jawo wa masu gaskiya irinki dogon binciken da za ki tarar. Kuma abin da yake tallata miki shi ne ainihin abin da addini ya hana, wato jingina yaro ga wanda bai haife shi ba.

Hanyar doka tana nan, amma ta ƙuntata. A shekarar 2004 Amurkawa sun ɗauko yara kusan 23,000 daga ƙasashen waje, a 'yan shekarun nan kuwa adadin bai kai 2,000 ba a shekara. Habasha ta rufe ƙofa a 2018, Sin ta bi sahu a 2024. Akwai yarjejeniyar Hague ta 1993 da ke tsara wannan harka tsakanin ƙasashe, wadda Ghana ta shiga, amma Nijeriya ba ta ciki, saboda haka za ki bi hanyar da Amurka ta ware wa marayu: fom I-600A, wanda ke tantance ku ku biyu, sannan I-600, wanda ke tantance yarinyar. Tun daga 2014 dole ne a yi aiki da hukumar riƙon yara mai lasisi a Amurka ko da ƙasar ba ta cikin yarjejeniyar, kuma za a aiko jami'i ya duba gidanku, da samunku, da lafiyarku, da tarihinku. Ki tabbata rahotonsa ya faɗa ƙarara cewa an amince muku ku riƙe yaro mai ciwon zuciya, in ba haka ba sai an sake shi. Daga nan ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Legas zai binciki ko yarinyar marainiya ce a ma'anar dokarsu, kuma ga 'yar tsintuwa za a nemi rahoton 'yan sanda na ranar da aka tsince ta, da shaidar cewa an yi cigiyar iyayenta. Wannan bincike shi kaɗai yakan ɗauki watanni masu yawa. Ƙa'idojin biza suna sauyawa daga gwamnati zuwa gwamnati, don haka ki tabbatar da halin da ake ciki daga bakin lauyan shige da fice kafin ki kashe ko sisi.

A ɓangaren Nijeriya, dokar haƙƙin yara ta 2003 ta ce mai nema ya zama ɗan Nijeriya, in ma'aurata ne su biyun duka, wanda a nan kun tsallake. Ta kuma ce ya kai shekara 25, ya girmi yaron da shekara 21, yaron ya zauna a hannunsa wata uku a jere kafin kotu ta yanke hukunci, a sanar da jami'in walwala wata 12 kafin nan, har da sharaɗin zama a jihar na shekara biyar. Amma kowace jiha da tata dokar, kuma a jihohin da ke bin shari'ar Musulunci abin da kotu ta saba ba Musulmi shi ne izinin riƙo. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin Amurka ba ta ɗaukar riƙo a matsayin cikakkiyar mayar da yaro ɗa. Tana da biza IR-3 ga wanda aka gama komai nasa a ƙasarsu, da IR-4 ga wanda kotu ta ba da riƙonsa tare da izinin a fitar da shi a kammala a can. Idan ta biyun za ki bi, lafazin hukuncin kotu shi ne komai, kuma lauyanki na can ya kamata ya ga daftarinsa kafin alƙali ya sa hannu. Ki kuma shirya wa zaman watanni a gida. Wannan ba aikin aike ba ne.

Yayan maigidanki yana da rabin gaskiya. Abin da Musulunci ya soke shi ne tabanni, wato a cire wa yaro nasabarsa a liƙa masa ta wani, kamar yadda ake kiran Zaidu ɗan Harisa da Zaidu ɗan Muhammadu har ayoyi na 4 da 5 na Suratul Ahzab suka sauka. Ayar ta yi umarni a kira su da ubanninsu, ta kuma yi maganar irin wannan yarinya kai tsaye: idan ba a san ubanninsu ba, 'yan'uwa ne a addini. Riƙo kuwa, wanda ake kira kafala, yana cikin manyan ayyukan lada, ga hadisin da Bukhari ya ruwaito na kusancin mai riƙon maraya da Annabi (SAW) a Aljanna kamar yatsu biyu, kuma malaman fiƙihu sun sa ɗaukar yaron da aka tsinta cikin farillan da in wasu suka yi an ɗauke wa saura. Mu Hausawa ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, da wuya ka sami gidan da ba a taɓa riƙon ɗan wani ba.

Matsalar ita ce bayan hukuncin kotu a Amurka, hukuma za ta fitar da sabuwar takardar haihuwa mai ɗauke da sunayenku a gurbin iyaye. Malamai da dama a ƙasashen Yamma sun yi sauƙi a kan haka saboda lalura, da sharaɗin a kiyaye hukunce-hukuncen shari'a a aikace. Doka ba ta tilasta muku canza mata suna ba, sai ku bar mata nata, ku kuma gaya mata asalinta da kanku, daidai hankalinta, kafin ta ji a bakin wata a wurin biki. Ba ta cin gadonku a shari'a, amma kuna iya yi mata wasiyya har zuwa sulusi, ko kyauta tun kuna raye. Ku rubuta wasiyyar a gaban lauya, domin in babu ita dokar can za ta raba dukiya yadda ta ga dama. Batun muharramaka kuma ya fi shafar maigida, tun da mace ce. Idan ƙanwarsa ko matar ɗan'uwansa tana goyo ta shayar da ita kafin ta cika shekara biyu, ya zama kawunta ko baffanta na shayarwa. Malikiyya suna da sharaɗi a kan yaron da aka riga aka yaye, saboda haka ku zauna da malami a kan wannan, ku tafi da yayan maigidan ya ji da kunnensa.

Idan Allah ya sa ta iso, dokar inshorar lafiya ta 2010 ta hana kamfani ƙin karɓarta saboda ciwon da ta zo da shi, amma akwai wa'adin shigar da ita, kwana 30 a inshorar wurin aiki, kada ya kuɓuce miki cikin hidimar baƙi. Yaron da aka toshe wa huji a kan lokaci galibi yakan tashi yana gudu da tsalle kamar kowa, sai dai ganin likitan zuciya lokaci-lokaci da kula da haƙora, domin ƙwayoyin cuta daga baki suna iya sauka a zuciya. Ki kuma sa a ranki cewa yarinyar da ta saba hannu goma suna ɗaukarta ba lallai ta manne miki a makon farko ba.

Tambaya ta biyu

Malama, ina gaisuwa. Ina aiki a Ingila. Ƙanena ya rasu bara ya bar yaro ɗan shekara huɗu wanda leɓensa da farcensa suke yin duhu. In yana wasa da yara sai ya tsaya ya tsuguna, ya ɗan jima, sannan ya tashi ya ci gaba. Likita ya ce sai an yi masa aiki. Mahaifiyarsa tana raye, ta ce ta yafe mini shi in dai zai warke. Zan iya mayar da shi ɗana a takarda don a yi masa aikin a nan?

Wani ɗan'uwa daga Ingila

Amsa

Allah ya jiƙan ƙanenka, ya raya abin da ya bari. A taƙaice, Malam, wannan ƙofa kusan a rufe take, domin tun watan Maris na 2021 gwamnatin Birtaniya ta sa Nijeriya cikin ƙasashen da ta dakatar da ɗauko yara daga cikinsu, sai wanda ya nemi a yi masa togiya ta musamman, kuma ba kowa ake ba ba. Bizar jinya tana nan, ta wata shida, amma kai za ka biya, kuma asibitocin gwamnati suna cajin baƙo kashi 150 cikin 100 na kuɗin aikin. Ni kuma ban ga dalilin raba shi da uwarsa ba. Maganar da ta yi maka ta uwar da ta rasa yadda za ta yi ce. Aiki take nema wa ɗanta.

Tsugunon da ka kwatanta sananniyar alama ce ta ciwon da ake kira da sunan likitan Faransa Fallot, inda tangarɗa huɗu suka haɗu, manyansu huji da kuma ƙuncin hanyar da jini ke bi zuwa huhu. Idan yaron ya tsuguna, jijiyoyin ƙafafunsa suna matsewa, sai jini ya fi karkata zuwa huhu, wato shi da kansa ya gano maganinsa na wucin gadi. Eko ne zai tabbatar. Idan shi ne, ƙuncin nan yakan kare huhu daga irin lalacewar da na bayyana a amsar farko, shi ya sa ake yi wa 'yan shekara huɗu da biyar aikin kuma a dace, ko da yake jinkiri yana da nasa haɗarin, har da shanyewar ɓarin jiki, saboda jinin irin waɗannan yara yana yin kauri.

Ka tara kuɗin a inda kake, a yi aikin a inda ya fi sauƙi, uwarsa tana gefen gadonsa. Ana tiyatar buɗe zuciya a Nijeriya tun 1974, lokacin da aka fara a Inugu, kuma yau akwai cibiyoyi a Legas da Abuja da wasu garuruwa. Iyalai da yawa kuma Indiya suke nufa. Gidauniyar da ɗan ƙwallo Nwankwo Kanu ya kafa a 2000, bayan shi ma an yi masa aikin zuciya, tana taimaka wa irin waɗannan yara. Ga masu karatunmu na Nijar, ƙungiyar Mécénat Chirurgie Cardiaque, wadda likita Francine Leca ta kafa a Faransa a 1996, takan kai yaro can, wani iyali ya riƙe shi har ya warke, sannan a mayar wa iyayensa. Kowace daga cikinsu rahoton eko za ta fara tambaya, sai ka sa a yi shi tun yanzu.

Kafin lokacin, ka gaya wa mahaifiyarsa kada ta hana shi tsugunon, kuma kada a bar shi da ƙishirwa, musamman a bazara ko in yana gudawa ko zazzaɓi. Idan ya yi duhu sosai yana neman sumewa, ta ɗauke shi ta naɗe gwiwoyinsa zuwa ƙirjinsa, ta rarrashe shi ya daina kuka, a nufi asibiti da shi a haka.